Gurbi na Huɗu

Dakta Gyang ya ba ni takarda mai gurbi uku:
sau nawa aka taɓa,
daƙiƙa nawa aka jira,
sau nawa aka kuskure.
Ya ce, "Je ki Farin Gada ki auno mana
yadda mutum da na'ura ke hulɗa."

Na zauna kan buhun dankali a rumfar Malam Cindo,
agogo a hagu, biro a dama.
Ya karɓi wayar da hannu biyu
kamar an miƙo masa jaririn maƙwabta.
Ya goge babban yatsa a gefen riga,
ya yi wa gilashin sallama.

Daƙiƙa bakwai bai motsa ba.
Ba wayar ce ta tsaya ba,
shi ne ya ba ta sarari ta amsa.
A wane gurbi zan zuba bakwai ɗin nan?

Ya taɓa. Ta buɗe tun yatsa bai tashi ba.
Na rubuta: sauri, madalla.
Shi kuwa ya ce, "Kai!
Wannan ba ta bari a haɗiye yawu."

Ya sa mata kuɗin kwandon tumatir,
ta amshe ba musu.
Ya dube ni: "Ko tayi ba ta yi?
Ba albarka, ba ragi, ba ƙara dai?
'Yata, wannan ai ba ciniki ba ne."

Kangyang ta iso da kabeji daga Vom.
Na manta agogo na tafiya.
Minti goma sha ɗaya,
naira ɗari biyu kacal suka gusa,
amma ya ji an sallamo ɗanta daga asibiti,
ita ta ji ƙafarsa ta sace.

Da ya koma kan wayar, yatsa ya zame,
sifili ɗaya ya ƙaru.
Ta tsaya. Ta ce: Ka tabbata?
Malam Cindo ya washe baki.
"Yawwa! Ashe tana ji."

A takardata, kuskure ɗaya.
A fuskarsa, karon farko
da wani ya leƙo daga ciki.

Da yamma cikin a-daidaita,
hadari ya haɗo ta bayan duwatsu,
na ja layi karkatacce a gefen shafi.
Har muka wuce ƙofar jami'a
ban sama masa suna ba.
Na dai rubuta bakwai a ƙarƙashi.