Kaskon Suya

Daren jiya a Niyala, bayan lisha,
na zazzage jakata a kan tabarma
ina auna komai da tafin hannu.
Ƙugiya goma sha biyu a kwalin ashana,
zaren fatsar kawu Jatau, mai warin Kogin Nilu har yau,
bargo ɗaya, don an ce sanyin Jabal Marra
ba ya yin sallama.

Talle ya shimfiɗa taswira, ya danne ta da kofin shayi.
Yatsansa ya haye dutsen kafin in haɗiye yawu.
Ƙafa kuwa sai ta kwana a hanya
daga Nartiti zuwa bakin Dariba,
in gwiwa ta yarda.

Na cire kaskon suya. Na mayar.
Na sake cirewa.
Abin da yaro ke ɗauka a tsakar gida
a hawa jaki yake nema.

Sai Gwaggo Kande ta ɗaga labule:
"Wa ya ce muku akwai kifi a can?
Na ji ruwan kanwa ne, ko kwaɗo ba ya kwana."

Talle ya hura shayinsa.
Babu wanda ya tanka.

Ni dai a Maiwurno na koyi jira,
ruwan da na sani duk a ƙasa yake.
Sau ɗaya nake so in jefa ƙugiya
inda gajimare ke sauka sha da asuba,
in ji abin da zai ja.

Na ƙara dabino, da ƙullin busasshen kifi
saboda maganar Gwaggo.
Kaskon kuma na mayar.