Murfin Buta

A Gamkalle, bakin kogi, bayan la'asar,
na ɗora buta a kan gawayi.
Murfin ya soma rawa, ƙar-ƙar-ƙar,
sai muryar kakata Hajo ta dawo mini:
"Dubi murfin nan, yaro.
Abin da ke ɗaga shi
shi ya cinye kunnen kakana Tankari."

Daga Adar ya fito, da sanda da gora,
bashin gero na bin sa a baya.
Ya bi fatake har inda ƙasa ta ƙare,
ruwa ya yi gishiri, ya ƙi nuna gaɓa.
Can aka miƙa masa shebur,
aka nuna masa tsani mai sauka
cikin tumbin jirgi.

Jirage biyu ne, in ji ta.
Nasu suna ce masa Agwagwa,
ƙafafu biyu a haƙarƙari
suna marin ruwa, fal, fal, fal,
kowa ya ji zuwansa tun daga nesa.
Ɗayan kuwa Tsage,
ya ɓoye farfelarsa ƙarƙashin wutsiya,
ba ya surutu, yanka kawai yake.
Wanda ya riga kai buhunan wasiƙu tasha
shi ke da kwangilar baɗi.

A sama, nasara mai agogon sarƙa
yana ƙirga numfashin teku.
A ƙasa, mutum takwas ba riga
suna ciyar da bakin da ba ya ƙoshi.
Kwal ya ƙare a dare na uku.
Aka fasa benci, aka cire ƙyaure,
aka tuttula manja a kan garwashi
har bututu ya yi ja kamar gauta.

Akwai wata ƴar ƙofa a kan tukunyar,
nan tururi ke huci in ya ji matsi.
Mai agogo ya ce a ɗaure ta.
Aka ɗaure.

Arzika, ɗan garinsu,
wanda suke raba goro ɗaya biyu,
shi ne kusa da bututun da ya tsage.
Tururi ba ya da launi a bakin fitarsa,
in ji Hajo,
ba ka ganin sa, sai dai ka ga aikinsa.

Sun ci tseren.
Da tazarar da ba ta kai dahuwar shayin fari ba.
An buga igwa a tasha, an jefa huluna sama,
mai agogo ya karɓi kofin azurfa.
Tankari bai ji igwar ba.
Bai ga Tsage ba ma, ko sau ɗaya,
ramin ba shi da taga.

Da ya dawo, ya zauna nan Yamai
tun tana ƴan bukkoki a kan tudu.
Masunta su kewaye shi, su yi masa ihu a kunne:
"Yaya teku take?"
Sai ya juya tafin hannunsa mai tabo, ya ce:
"Zafi gare ta. Kuma duhu."

Yanzu ga samari biyu sun taso daga gada,
kwalekwale biyu, inji na kuka a gindin kowanne,
suna rige-rigen kai kabewa Harobanda.
Igiyar ruwansu ta zo ta daki gaɓa,
ta jiƙa wa mai wanki zanen da ya shanya,
ya bi su da zagi, iska ta kwashe.
Wani tsoho a ƙaramin jirgi
ya ɗaga filafili, ya jira ruwa ya kwanta.

Ban san wanda ya riga ba,
rana ta shiga idona.

Murfin yana ta bugawa.
Na sa bakin riga na ɗaga shi kaɗan,
na bar butar ta yi numfashi.