Mai Ban Ruwa

Shekara arba'in ina ban ruwa a Kadawa,
in fasa bakin kwami, in toshe da laka,
ruwa bai taɓa bin inda ban aike shi ba.
Yau 'yar kwatar da ke jikina
ta ƙi jin magana.

Sati bakwai na yi a birni ana gashi.
Suka ce dajin ya lafa. Alhamdu lillahi.
Sai dai wutar da ta cinye ciyawa
ta ɗan lashi kunya.

Dare ɗaya, tashi shida.
Na san sa'ar da jakin Ɗan'azumi ke kuka,
na san tauraron da ke faɗawa bayan rumbu.
In na tsuguna, sai ka ce barkono,
ɗigo uku, shi ke nan,
an tashe ni a banza.

Tabawa ta ajiye gwangwanin fenti a ƙafar gado,
ba ta ce uffan ba.
Da hantsi na gan shi a wanke, a kife.
Wandunana a bayan ɗaki take shanya su,
inda jikoki ba sa zuwa.

Yarinyar asibiti, sa'ar autata,
ta dube ni, ko sunkuyar da kai:
"Baba, kar ka guji ruwa, sha da rana,
in an yi magariba ka rage.
Goro da shayi da yaji, a ba su hutu.
Riƙa matsewa kamar mai riƙe iska cikin jama'a,
ƙirga biyar, ka saki.
In ka ga jini, ko ya tsaya cak,
kar ka jira wayewar gari."

Goron ne ya fi ciwo.
Har yau hannuna na laluben aljihu.

Na tari Liman Zubairu bayan lisha,
ina ta kewaye-kewaye kamar mai neman rance.
Ya ce, "Lalura ce. In lokaci ya shiga,
yi tsarki, yi alwala, ka ta da sallarka.
Wanda ya halicci mafitsara ya san ta."
Ran Juma'a gefen sahu nake, daf da ƙofa,
takalmina a kusa.

Yanzu a bakin kwami nake zama,
Sagiru na juya ruwa cikin tumatir,
ni ina matsewa, ina ƙirgawa.
Yaron ya ɗauka tasbihi nake.

Jiya sau uku na tashi.
An ce jakin ya yi kukansa.
Ban ji ba.