Keken Datti

Sunansa na yanka Detlef.
Harshenmu ya kasa ɗauka,
muka ce Datti, ya amsa.

Gyaran injin ban-ruwa ya kawo shi Kware,
da akwati guda, da keke siriri kamar ƙayar kifi,
ƙahonsa a lanƙwashe irin na ragon layya.
Ni Arzika, mai faci a bakin tasha,
ni na fara taɓa tayarsa.

Ya ce a Jamus makaniki ne shi,
Litinin zuwa Juma'a hannu cikin baƙin mai,
ran Lahadi ya manna lamba a gadon baya
ya bi samarin ƙauyuka tsere cikin ruwan sama.
Shekara goma sha tara yana abu guda.
Na ce, nawa ake biya?
Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.
Sau ɗaya tak ya zo na biyu,
aka ba shi kofin gwangwani da kwandon tuffa.
Kafaɗa kuwa sau uku tana karyewa.

Na ce, wanga noma ba girbi.
Ya ce, hau ka ji.

Da an sallame asuba sai hanyar Gwadabawa,
shi bisa siririyarsa,
ni bisa tsohon doki na ƙarfe mai kukan gyare.
Mu wuce jakunan albasa,
yara na ihu, Bature ya zautu, Arzika ya bi shi!
Ya koya mini laɓewa a bayansa
iska ta ci shi, ni in huta.
In ya gaji ya kaɗa gwiwar hannu,
in wuce gaba, ta ci ni.
Hausarsa ba ta kai cikin cokali ba,
gwiwar nan ta ishe mu zance.

Ran tafiya ya jingine keken a rumfata,
bai ce komai ba.
Damina tara, sai ga takarda daga ɗiyarsa,
malamin firamare ya karanta, ya cire hula.

Ba a sayar da irin tayar a kasuwar Sakkwato.
Faci ashirin da shida na ƙirga jiya.
Har yau ina fita.
Wajen gangaren nan, in numfashi ya ƙare,
sai in ji na kaɗa gwiwar hannu,
in ɗan ratse gefe,
in jira.