A Bar Ni Haka

Ran Lahadi na gan ta a Gujungu,
bayan rumfar masu faci,
ta tsugunna kamar kwaɗo a bakin rijiya.
Tsohuwar Sitalet ce, guntuwa, ba ta da gindi,
ƙofar direba ja, sauran jiki ruwan toka.
Wani yaro a Haɗeja ya dasa mata fiffike a ƙeya,
ya sauke ta har cikinta na sansanar turɓaya,
ya huda salansa don ta riƙa gurnani.
A gilashin baya an rubuta: A BAR NI HAKA.

Dubu ɗari bakwai, in ji dillali.
Kuɗin riɗina suka motsa a aljihu.

Baffa Cindo na fara gaya wa.
Ya tofar da goro, ya dube ni sama da ƙasa:
"Buhu nawa take ɗauka?"
Na ce ko ɗaya, sai an cire kujera.
"To sayi maraƙi biyu.
Maraƙi ciyawa yake ci, ya zama sa.
Wannan fetur za ta sha, ta zama akurki."

Haladu bakanike ya shige ƙarƙashinta,
ya fito da baƙin mai har gira.
"Injin da ransa," ya ce, "giya ta uku tana tari.
Saya, Malam, saya!"
Na ga yana murmushi irin na wanzami
ranar da aka yi haihuwa a gida uku.

Lantana ba ta ɗago daga tankaɗe ba.
"Kwanon ɗakin nan yana yoyo tun bara.
In damina ta zo, a motar za mu kwana?"
Ta yi shiru, ta karkaɗe rariya,
ta ce, "Wai da gaske ƙofar ja ce?"

A teburin shayin Ubale gari ya rabu biyu.
Wasu suka ce tsufa ne ya zo min a baibai,
wasu suka ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.
Sabitu mai awo ya lissafa min kuɗin taya
da na fulogi da na birki,
ya manta shayinsa har ya huce.

Ni ban ce musu komai ba.
Shekara ashirin da uku ina riƙe alli,
duk abin da na saya sai da dalili:
buta, taki, fitila, maganin shawara.
Sau ɗaya nake so in sayi abin da ba ya da amfani,
abin da in na murɗa makulli
zai yi ihu a madadina.

Na saya.

Ba ta kai gida da ƙafarta ba.
A yashin Kwanar Dole ta kafe, cikinta ya zauna daram,
yara goma sha ɗaya suka turo ta suna waƙa,
akuya na gudu, kaji na tsallake danga.

Yanzu in an sauko daga la'asar
ina kai ta fako, bayan makabarta, inda ba gona,
in juya sitiyari, ta yi kewayen ɗan maraƙi,
ƙura ta tashi, haƙorana su cika da ƙasa,
in ji ina dariyar da na ajiye tun ina aji shida.

Jiya na tarar da Baffa Cindo a gindin tsamiya.
Ya zagaya ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa fiffiken da sanda.
"Asarar kuɗi," ya ce.
Ya buɗe jar ƙofar da igiyarta, ya leƙa,
ya cire hula ya cusa a aljihu.
"Matsa can. Wanne ne totur?"