Iyakata Shinge

Shekara goma sha tara ke nan
ina kawo baƙin Allah daga Tawa,
in sauke su bakin filin jirgi na Yamai,
in kwance igiya, in miƙa kaya,
in tsaya inda jandarma ya ce a tsaya.
Iyakata shinge.

Da asuba suke shiga, yadi iri ɗaya,
mai gonar albasa da mai tallar gishiri
ba ka rarrabe su sai sun yi magana.
Kafin Ƙwanni an taɓa guzuri,
a Dogon Dutsi wani ya ɗauko Labbaika,
muryarsa na rawa kamar gilashin baya,
sauran su amsa, ni ma in amsa
can ƙasa-ƙasa, kada a ce direba ya yi shisshigi.

Yaron motata, Asumana, ya taɓa boko.
Ran nan ya duƙufa kan waya yana lissafi,
ya ce: Maigida, in an haɗa tafiyarka,
kai da komo, rani da damina,
ka je Makka ka dawo ya fi a ƙirga.
Na ce ya tashi ya duba iskar taya.

Bara akwai wata tsohuwa, Inna Hajo,
kujera ta huɗu, daidai bayan kunnena.
Saƙar tabarma ce sana'arta.
Tabarma nawa ta zama tikiti,
Allah ne ya sani, sai ko yatsunta.
Ko a Doso ba ta runtsa ba.
Ta tambayi sunana, ta tambayi na uwata,
ta ƙulle su a bakin zane, wai kada su zube,
ƙulli biyu, kusa da na goro.

Da muka iso ta hangi jirgi ta ramin waya,
ta ce: Wannan ma direba gare shi?
Na ce e, Inna.
Ta ce: Allah ya sa ya san hanya kamarka.

Kwana arba'in ba kaɗan na komo ɗaukarsu.
Kawuna a aske, tari a kowane ƙirji,
dabino, darduma, agogo mai kiran salla.
Na ƙirga, sittin da ɗaya.
Na sake ƙirgawa.
Kujera ta huɗu ba ta ce komai ba.

Maƙwabciyarta ce ta riƙe min hannun riga.
Ta ce: Ta riga mu, a Mina, ran jifa na biyu,
can muka baro ta, ta dace da makwanci.
Amma ƙullin nan a Arfa ta kwance shi,
da kunnena na ji ta:
Bizo ɗan Habsu, Bizo mai mota,
ya Rabbi, shi ma ka kira shi.
Sai ta miƙo ƴar kwalba, ta magani ce a da,
ta ce: Tun a Makka ta cika ta, taka ce.

Na juya baya ga jama'a na kurɓi rabi,
na ba Asumana ya jiƙa leɓe,
sauran na ɗiga a lagireto,
ita ma ta sha wuyar hanyar nan.

Bana ga ni kuma jingine da shinge,
shayi ya huce a hannuna.
Jirgi ya ɗaga, ya yi kwana, ya fuskanci gabas,
na bi shi da ido har ya zama ƙuda.
Akwai gwangwani ƙarƙashin kujerata,
yau dala ashirin, gobe jaka guda,
jibi ciwon yaro ya buɗe murfin.
Bai yi nauyi ba tukuna.

Sai dai sunana ya riga ni isa,
yana can tsaye cikin rana, yana jira,
ni ko, tambayi duk mutanen Tawa,
ban taɓa barin fasinja a tasha ba.