Karon Kumbo a Gadarif

Daren Alhamis wuta ta dawo Gadarif.
Jikata Rumasa'u ta kunna talabijin,
ni ina kan gadon igiya, ina kurɓar gahawa mai citta.
Ga kumbo biyu a allo,
kowanne ya yi girman kasuwar riɗi,
suna sheƙa gudu cikin baƙin sarari.
Sai ji kake ƙarau!
Wuta ta tashi, matuƙi ya dafe kai.

Yarinya ta ja tsaki har sai da kyanwa ta farka.
"Kaka, zuƙi ta malle ce.
Sama ba titin Madani ba ce.
Ka cilla ƙwayar riɗi daga nan,
wani ya cillo tasa daga bakin Bahar Maliya,
ka ce za su yi karo a hanya?
To, wannan ma ya fi kusa da yiwuwa.
Kuma can babu iska, ƙarar ta fito daga ina?
Mai shirya wasan ne ke tsoron mu yi barci."

Ban ja da lissafinta ba,
ita ta zauna a aji, ni a bayan sitiyari.
Amma shekara talatin da ɗaya na yi ina jan roka,
tun kafin kwalta ta san Haya.
Fili fetal, ko ƙaya babu.
Ka kauce hagu, sai ka gaji da kaucewa,
ka kauce dama, haka.

A nan Zubairu Dogo ya taho da gishiri,
Makki ya nufo shi da albasa.
Tun daga nesa kowa na ganin fitilar kowa,
tsawon shan shayi uku.
Suka haɗu goshi da goshi.
Da asuba muka tarar da kayan sun gauraye,
miyar da babu mai sha.
Zubairu ya rayu, da ƙafa ɗaya.

Kin san dalili?
Rairayi na haɗiye taya,
sai kowa ya bi sawun wanda ya riga shi.
Hamada duk faɗinta
ta koma siririn zare,
zaren kuma rijiya ɗaya yake nufa.

Ta ce, "Sama babu sawun taya."
Na ce, "In dai ɗan Adam ne matuƙin,
ba shi shekara goma, zai yi mata."

Ta buɗe baki za ta amsa, wuta ta ɗauke.
Na miƙe neman ashana,
ta miƙe neman tocila.
Tsakar gidan nan tana ɗaukar shanu ashirin.
Mu biyu kacal a cikinta,
ga taurari birjik, kowanne a inda yake,
sai ga goshinta a haɓata,
butar gahawa tana gangarawa.

Har yanzu ba ta ba ni lissafin wannan ba.